Hannu a kan allon rubutu: yadda ɗan kasuwa zai gyara kwamfutarsa

Yau daga nan Toukra, kudancin birnin Injamena, maganar kwamfutar shago za mu yi. Da yawanmu mun saya, amma mun bar ta yadda mai sayarwa ya miƙo mana, kamar wanda ya kama shago ya bar kantoci yadda mai hayar baya ya jera su. Shekaruna sun haura hamsin, ban kuma zauna ajin kwamfuta ba, amma gemu ba ya hana ilimi. Abin da na fahimta shi ne, aikin lissafi ya fi sauri da tsafta in hannu biyu suka zauna a kan allon rubutu, aka rage kai-komo zuwa linzami.

Dalili a fili yake. Mai saye yana tsaye, direban da ya ɗauko kaya daga Gamboru Ngala ya biyo ta Fotokol da Kusiri yana kira daga gadar Ngueli, wuta ta ɗauke, batir yana ƙasa. A irin wannan lokaci, neman ƙaramar kibiya a fuskar kwamfuta ɓata lokaci ne. Ga ƙurar hunturu da gumin watan Afrilu, waɗanda kan sa wurin shafa yatsa na laftof ya riƙa yi wa mutum gardama. Maɓallai kuwa ko a duhu yatsa ya san wurinsu.

Kafin komai, ka san irin allon da ke gabanka. Wanda aka sayo daga Kano ko Dubai yawanci layinsa na sama ya fara da QWERTY, tsarin da ya samo asali daga keken rubutun Christopher Sholes na Amurka, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Na nan Chadi da Nijar da Kamaru kuwa sau da yawa tsarin Faransa ne, AZERTY. A cikinsa A ta koma wurin Q, Z ta koma wurin W, M ta matso kusa da L. Lambobin layin sama ma ba sa fitowa sai ka danne Shift. To ka ga, yaron da ya saba da allon Kano, in ya zauna a kan na Injamena zai rubuta farashi ya ga alamomi sun fito maimakon kuɗi. Haɗarin da ya fi wannan shi ne, Ctrl da Z na mayar da abin da ka goge, Ctrl da W kuma na rufe takardar da kake aiki a kai, ga shi wurarensu sun yi musanya. Maganin abin: ka shiga saitin harshe na Windows ka ƙara tsarin da yatsunka suka sani. Daga nan maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara su ne ke juya ka daga wannan tsari zuwa wancan.

Sai batun tagogi. Ni dai ba na aiki da taga ɗaya. Littafin lissafi na hagu, WhatsApp na kwamfuta na dama, inda abokan ciniki ke turo jerin kaya. Maɓallin Windows da kibiyar hagu zai kai taga rabin hagu, da kibiyar dama zai kai ɗayar rabin dama. Wannan dabara tun Windows 7 ta 2009 take nan, amma 'yan kasuwa kaɗan ne suka san ta. Alt da Tab na tsallaka ka daga wannan taga zuwa waccan. A Windows 10 da 11 har tebur na biyu za ka iya buɗewa da Windows, Ctrl da D a tare, ka ajiye harkar shago a ɗaya, karatun yara a ɗaya. Windows da V na nuna maka abubuwan da ka kwafa a baya, in ka kunna shi sau ɗaya, sai lambar asusu ko sunan kaya su daina ba ka wahalar sake bugawa. In za ka tashi salla, Windows da L na kulle fuskar nan take. Asirin bashin mutane amana ce, bai kamata duk wanda ya leƙo shago ya karanta ba.

A cikin Excel, Ctrl da S ya zama maka jiki, domin wuta ba ta sallama in za ta tafi. F2 na buɗe ɗakin da kake kai ka gyara lamba. Ka kuma lura, Excel na Faransanci SOMME yake cewa a inda na Ingilishi ke cewa SUM. Akwai kuma abin da ya shafe mu mu na nan: a kasuwa da riyal ake ciniki, riyal ɗaya sefa 5 ne, kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi ke ƙirga da dala. Ka ware layi guda na riyal, na kusa da shi ya riƙa ninkawa sau 5 da kansa, na uku ya juya zuwa naira da farashin canjin ranar. Wanda ya cakuɗa riyal da sefa a layi ɗaya, ranar biyan bashi sai an kira shaidu.

Haruffanmu masu ƙugiya ma suna da hanya. Ƙasa daban, kasa daban; ɗaki daban, daki daban. A Word, in ka buga 0199 ka danna Alt da X sai ƙ ta fito, 0257 na ba da ɗ, 0253 na ba da ɓ. Wanda ke rubutu da yawa ya ƙara allon Hausa a saitin harshe, ko ya sauke manhajar Keyman, kyauta ce.

Yanzu mu zo kan baƙin allon nan da mutane ke tsoro, wanda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Windows da R, ka rubuta cmd, ka danna Enter, shi ke nan ya buɗe. Umarni ɗaya nake so kowa ya riƙe. A ce duk takardun shagonka suna cikin folda mai suna Kasuwa, filas ɗinka kuma ya fito da harafin E. Sai ka rubuta:

robocopy C:\Kasuwa E:\Kasuwa /E

Ranar farko zai kwafe komai. Bayan haka sabo da wanda aka canza kaɗai yake ɗauka, don haka ba ya jimawa. Ka rubuta layin a Notepad, ka ajiye shi da suna ajiya.bat, kullum kafin rufe shago ka kira shi. Gargaɗi guda: in wani yaro mai rawar kai ya ce ka ƙara /MIR a ƙarshe, ka sani cewa wannan yana goge duk abin da ke cikin foldar filas wanda babu shi a kwamfutar. Wato in fayil ya ɓace a shago, zai ɓace a ajiya ma.

Me ya sa na nace a kan wannan? Duk wanda ke wannan yanki na Walia da Toukra ya ga ambaliyar 2022, lokacin da Chari da Logone suka cika suka shigo gidaje, dubban mutane suka koma zaman bukkoki. Ruwa ba ya bambanta littafin bashi na takarda da kwamfuta. Ɗan kasuwa kuwa rabin dukiyarsa tana hannun mutane, shaidarta kawai rubutun nan. In rubutun ya tafi, ko mai shi ya riga mu gidan gaskiya ba wanda ya san inda yake, magada ne ke shiga uku. Saboda haka filas ya kwana a gida, kwamfuta ta kwana a shago, uwargida ko babban ɗa su san inda kowanne yake da yadda ake buɗe shi.

Ɗaliban jami'ar da ke nan Toukra sukan zo sayayya, wasunsu da tsofaffin laftof da suka sa wa Linux, tsarin da Linus Torvalds na ƙasar Finland ya fara a 1991. Akwai mai jera tagogi da ake kira i3 a cikinsa, wanda ke raba fuskar kwamfuta da kansa kamar kantoci, komai da maɓalli ake yi. Wannan ya dace a sani, domin Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutocinmu da yawa kuma ba su cika sharaɗin hawa Windows 11 ba. Kafin ka jefar da taka, ka nemi yaro mai hankali ya gwada mata Linux, bayan ka kwashe takardunka a filas.

Kada ka ce za ka haddace duka a rana ɗaya. Ka ɗauki uku a wannan mako, Alt da Tab, Ctrl da S, Windows da L, ka rubuta a takarda ka manna a jikin kanta, kai da yaran shago ku riƙa yi har yatsu su saba. Mako na gaba ka ƙara uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dukiya da iyali. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.