Waiwaye: Wakafin Kyanwoyi a Alƙahira

An fi tuna Sarki Zahir Baibars, wanda ya mulki Masar da Sham daga 1260 zuwa 1277, da jarumtar yaƙi, musamman rawar da ya taka wajen karya rundunar Mongol a Ain Jalut. Amma a Alƙahira ya bar wani aikin da ba a cika ambata ba: lambu guda da ya yi wakafinsa domin ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Har cikin ƙarni na 19, bayan kuɗin lambun ya ja baya, babban alƙalin birnin ne ke ɗaukar nauyin abincin, ana raba musu da la'asar a harabar kotu.

Baibars ya gane cewa tausayi kan zo ya wuce, yunwa kuwa kullum sai ta dawo. Wanda duk ya taɓa rainon jaririn kyanwar da ya rasa uwa ya san haka. Ana haihuwarsa da nauyin kusan giram 100, idonsa a rufe, ba zai buɗe ba sai bayan mako guda zuwa kwana 10. Jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi, don haka sanyin hunturu kan kashe shi kafin yunwa. Abin farko da yake buƙata shi ne kwali da tsumma da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe, domin ba a shayar da shi yana sanyi.

Bayan nan sai shayarwa duk bayan awa 2 zuwa 3, dare da rana. Madarar shanu tana sa shi zawo, gara a nemi madarar da aka haɗa domin kyanwa wurin likitan dabbobi. A ba shi yana kwance a kan cikinsa, ba a rigingine ba, don kada ya shaƙe. Da ya ƙoshi a shafa masa mara da gindi da tsumma mai ɗumi, domin ba ya fitsari ko kashi da kansa sai ya kai mako 3 zuwa 4. Kafin ma a ɗauke shi, a dakata daga nesa: sau da yawa uwar ta tafi farauta ne.

Wannan ɗawainiya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa gidajen kula da dabbobi ke dogara da masu karɓar raino a gidajensu. Gidan Battersea na Landan, wanda aka kafa a 1860 kuma ya soma karɓar kyanwoyi a 1883, ya daɗe ne saboda taimakon jama'a bai yanke ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai hali ya ware ɗan abu kowane wata, ko madara ko kuɗin allura. Marar hali ya karɓi shayarwar dare ɗaya a mako, maƙwabcinsa ya samu ya runtsa.