Yaron Da Ba Zai Warke Ba Ma Yana Da Haƙƙin Jinya

Idan ciwo ya tsananta wa yaro a Gwarzo ko Kabo, akan garzaya da shi Kano, Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wasu sukan samu lafiya. Wasu kuwa, masu ciwon dajin da ya yi nisa ko ƙodar da ta daina aiki, sai a ce wa iyayensu an yi iya ƙoƙari, su koma gida su ci gaba da addu'a. A ganin wannan jarida, jinya ba ta ƙare a nan ba. Yaron yana da sauran kwanaki ko watanni, kuma cikin azaba zai yi su muddin babu mai rage masa raɗaɗi da sauƙaƙa masa numfashi, babu mai koya wa uwarsa yadda za ta riƙa juya shi kada kwanciya ta yi masa gyambo. Tun 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya buƙaci ƙasashe su sanya irin wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu har matakin farko.

Za a ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi kashe yara, can ya kamata kuɗi su tafi. Haka ne, amma abin da muke nema ba na'ura ba ce mai tsada: nas ce da aka horar, da ruwan maganin mofin, wanda yana cikin magunguna masu araha. Za a kuma tuna mana ɓarnar kodin a Kano, wadda ta sa gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron kada mofin ya bi sahun kodin yana da hujja. Sai dai maganinsa kulle da rajista da sa hannun likita, ba a bar yaro yana kuka har asuba saboda laifin wasu ba. Masu ganin wannan kulawa yanke ƙauna ce kuwa, mu tuna musu cewa tawakkali bai taɓa hana neman sauƙi ga mara lafiya ba.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta horar da nas-nas a Babban Asibitin Gwarzo kan wannan aiki, su riƙa bin yaran har gidajensu a Gwarzo da Kabo, kuma kada a sallami irin wannan yaro daga Kano sai da takardar da ta faɗi wanda zai karɓi jinyarsa.