Wayar Uwa a Hannun Yaro

A gidaje da yawa na Potiskum, idan yaro ya dami uwa da kuka sai a miƙa masa waya ya yi shiru. Abin da zai gani bayan bidiyo na biyu, babu wanda ya zaɓa masa. TikTok kansa ya ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, amma ɗan shekara biyar da shafin uwarsa yake kallo, kuma manhajar abin manya take jero masa.

YouTube Kids, da Google ya fitar a 2015, ya fi dama-dama, kyauta ne kuma. Sai dai matatarsa na kuskure. Gara iyaye su rufe wurin bincike, su zaɓi tashoshin da kansu, su sa iyakar lokaci. Shirin Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya yana da fassarar Hausa, da shi za a iya farawa.

Abin da ya fi damunmu masu turi ne, waɗanda ke cika katin waya da bidiyo a kasuwa. Bidiyon da suke turawa ba ya bi ta kowace matata. Muna roƙonsu su ware na yara daban, iyaye kuma su kalla kafin su miƙa.