Dokin da ya daskare a iska

A shekarar 1878, a gonar dawakin Leland Stanford da ke Palo Alto a Amurka, mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, kowace da zaren da ya gitta hanya. Doki na tsinka zare, kyamara na ƙyaftawa. So ake a raba gardama: shin akwai lokacin da kofatai huɗun ke barin ƙasa gaba ɗaya? Akwai. Sai dai ƙafafun a naɗe suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zanen Turai suka daɗe suna nunawa.

Hoto ya yi nasara, amma duk wanda ya ƙura wa waɗannan hotuna ido zai ga dokin tamkar an rataye shi. Masassaƙin nan na Faransa, Auguste Rodin, ya ɗauki irin wannan hoto a matsayin maƙaryaci, hujjarsa kuwa lokaci ba ya tsayawa. Ina ganin yana da rabin gaskiya.

Abin da ya dame ni shi ne hotunan hawan Sallah. Lokacin jafi a Ƙofar Kudu, mahaya sukan sako dawaki a guje, su ja linzami gaban Sarki, ƙura ta turnuƙe. Amma yawancin hotunan da nake gani a jaridu tas suke, an ɗauke su da marfin kyamara mai buɗewa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Za ka iya ƙirga aikin sirdi, ba za ka ji gudu ba.

Dabarar ba ɓoyayya ba ce. A sassauta marfin zuwa wajen kashi ɗaya cikin 30, mai hoto ya bi dokin da kyamara daidai gudunsa, har bayan ya latsa. Fuskar mahayi ta fito, taron jama'a ya koma zirin launi, jelar rawani ta kaɗa. Hotuna da yawa za su lalace kafin ɗaya ya yi kyau, shi ya sa mai neman kuɗin rana ke gudun ta. Ban ga laifinsa ba.

A 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk mai binciken da zai zo bayan shekara hamsin, waɗannan hotuna zai tarar a ma'ajiya: alkyabba da lifidi tsaf, dawaki kuwa cak, kamar na tsayawa faretin girmamawa.