Digirin Tsara Cikin Gini: A Tambayi Lasisi Kafin A Ruɗu Da Suna

Kwanakin baya ɗiyar ƙanena, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ta same ni da batun cike fom ɗin JAMB. Ta ce, "Baffa, ni so nake in zama mai tsara cikin gini." Na tambaye ta ko labule da kujeru take nufi, irin na masu jeren amare. Sai ta ɓata fuska, ta ce ita maganar bango da matakala da mashigar haske take yi.

Ni da na share shekaru ina nazarin harshe, nan take na ga cewa matsalar farko ta suna ce. A bakin mutanenmu kalma ɗaya, wato "dekoreshin", ita ke ɗauke da sana'o'i uku. Akwai mai ƙawata ɗaki da fenti da kilishi. Akwai mai tsara yadda za a yi amfani da fili, ina kanta za ta zauna, ina fitila za ta rataya. Sannan akwai wanda zai ce a fasa wannan bango a bar wancan, domin ya san wanne ne ke ɗauke da dakin. Kuskuren na farko asarar kuɗi ce. Kuskuren na ukun yana iya zama asarar rayuka.

Abin da ya sa batun ya zama na yanzu shi ne sabon tsarin manhajar jami'o'i da hukumar NUC ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022. A cikinsa an ware ilimin zanen gine-gine ya tsaya da ƙafarsa, aka kuma rarraba shi zuwa digirori daban-daban, ciki har da na tsara cikin gini, da na tsara harabar gini, da na ƙera kayan ɗaki. Wannan ci gaba ne, ba na musu. Sai dai kasancewar kwas a kundin NUC ba ya nufin kowace jami'a tana koyar da shi, ko tana da malamai da ɗakunan zane da za su riƙe shi.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Jami'a digiri take bayarwa, ba ita ke ba da lasisi ba. Tun dokar soja mai lamba 10 ta 1969, ba wanda ke da ikon kiran kansa akitek a Nijeriya sai wanda hukumar ARCON ta yi wa rajista. Sananniyar hanyar zuwa can doguwa ce: digirin farko na shekara huɗu, ko biyar a jami'o'in fasaha, sai digiri na biyu, sai hidimar ƙasa, sai aiki a ƙarƙashin mai lasisi, kana jarrabawar ƙwarewa. Haka abin yake a Birtaniya, inda dokar 1997 ta hana wanda ya karanta tsara cikin gini amfani da wannan laƙabi matuƙar bai yi rajista ba, komai kyan sunan da ke kan takardarsa.

Don haka shawarar da na ba ta ita ce, tun da bango take son taɓawa, ta bi babbar ƙofa. Ta nemi zanen gine-gine gaba ɗayansa, ta dage da lissafi da fizis domin ba a shiga sai da su, daga baya ta ƙware a cikin gini. Wanda kuwa launi da yadi da kayan ɗaki ne burinsa, bai kamata ya ƙona shekara shida a kan abin da ba zai yi aiki da shi ba. Sabon digirin, ko sashen zanen kayan masana'antu irin na Jami'ar Ahmadu Bello, ya wadatar da shi. Duk uban da ɗansa ya zaɓi sabon kwas ɗin, ya tako da ƙafarsa zuwa sashen ya tambaya: wace hukumar sana'a ce za ta yi wa ɗana rajista idan ya gama? In da hali a ba shi amsar a rubuce.

Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke kallon fannin kamar baƙo. Wanda ya taɓa shiga tsohon ɓangaren masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, ya san cewa a ginin Bahaushe ado da ƙarfi ba sa rabuwa. Bakan gizon da ke ƙawata rufi shi ne kuma ke ɗauke da shi, da azara a cikinsa. Sabon tsarin ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhaja ta cike da abin da ya dace da yankinta. Jami'o'in Arewa ba su da uzurin yaye ɗalibin da ya san silin ɗin filasta amma bai san ɗaurin guga ba, ko bai san dalilin da ya sa soro ke da sanyi a watan Afrilu ba.

Yarinyar dai ta cike zanen gine-gine. Mahaifiyarta har yanzu tana gaya wa ƙawayenta cewa dekoreshin za ta karanta.