Gonar Kaka: Ajin Kimiyya Da Ba Ya Bukatar Kuɗi

Makarantun sakandare da yawa a karkarar arewacin Jihar Kano suna kukan rashin kayan koyar da ilimin halittu, kuma kukan nasu gaskiya ne. Amma daga watan Oktoba zuwa Nuwamba, gonakin da ke kewaye da Bici da Ɗambatta da Makoɗa cike suke da darussa. Ya kamata malamai su riƙa fita da ɗalibansu su gani da idonsu.

Wani zai ce ai babu sauran daji a wannan yanki, ko'ina gona ce. Haka ne. Sai dai masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya nuna cewa manoma da gangan suke barin itatuwa a gonakinsu suna kula da su. Ke nan kowace ɗorawa da kuka da tsamiya akwai dalilin zamanta.

A dubi gawo. Da kaka, lokacin da sauran itatuwa ke shirin kaɗe ganye, shi kuwa tofo yake yi. Da damina tsirara yake tsayawa, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ga shi saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Ɗalibin da ya fahimci haka ba zai yi gaggawar ɗora masa gatari ba.

A gindin dawa kuma za a tarar da ƙuduji da kyakkyawan furensa. Idan aka tona a hankali, za a ga saiwarsa manne da ta dawar tana tsotse mata ruwa da abinci. Tushe ɗaya kan zubar da dubban iri, waɗanda kan yi fiye da shekara 10 a ƙasa ba su mutu ba. Shi ya sa ake cire shi a ƙone kafin ya yi iri.

Tsuntsaye ma suna da nasu darasin. Shamuwar da ta zo da albishir ɗin damina, yanzu take kama hanyar kudancin Afirka.

Abin da ake bukata kaɗan ne: izinin mai gona, littafi da fensir. Ɗalibi ya zana abin da ya gani, ya rubuta kwanan wata, ya tambayi manomi sunansa da amfaninsa. Baɗi ajin da ke biye ya kwatanta. Da ma Hausawa sun ce gani ya kori ji.