GIDA DA GONA: In Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi

A wannan wata za mu yi magana a kan ƙaramin injin fetur na ban ruwa, gama rani ya shigo, gonaki kuwa sun yi kore shar daga Kura har Bunkure.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa yake gangarowa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa, da Kura, da Bunkure. Amma ba kowace gona ruwan yake shiga da kansa ba. Wanda gonarsa take kan tudu, ko a bakin kogi, ko yake dogara ga rijiya, dole ya ɗaga ruwan. Iyayenmu da jigo suka yi fama. Daga shekarun 1980 ne inji ya soma maye gurbin jigo, har ya zama abincin gidaje da yawa yana rataye a wuyansa. Tumatir mai fure in ya rasa ruwa cikin zafin Maris, furen ya kan kakkaɓe, tare da shi kuwa kuɗin taki da na makarantar yara suke zubewa. Saboda haka ya kamata maigida, da uwargida, da manyan yara su san abin yi kafin a ɗauki inji zuwa wurin bakanike.

ABU UKU DA INJI YAKE BUKATA

Ruwa ba ya tsami banza. Injin fetur abu uku yake nema kafin ya tashi, watau mai, da wuta, da iska. Mu bi su ɗaya ɗaya, kada mu yi ta fizgar igiya har ta tsinke.

Da fari mu duba ƙananan abubuwa. Makunni yana kunne? An buɗe famfon mai? In injin ya kwana ya yi sanyi, a rufe cok, in ya tashi a buɗe. In kuwa da ɗuminsa, ba ya bukatar cok. Injuna da yawa, irin su Honda da masu kama da ita, suna da wata na'ura mai hana su tashi idan baƙin mai ya yi ƙasa. Ajiye inji a karkace a kan kunya ma ya isa ya ruɗe na'urar nan. To, a daidaita masa zama, a duba baƙin mai.

Na biyu, fetur. Yawancin ciwon inji daga nan yake. Fetur in ya daɗe a kafireta ya kan bushe ya bar danƙo, danƙon ya toshe 'yar ƙofar da mai yake bi, wadda ba ta fi bakin allura ba. Man da aka saya a kwalba a bakin hanya kuma, wani lokaci da ruwa ko datti a ciki. Akwai wani ƙaramin noti a ƙarƙashin kofin kafireta. A kwance shi, a tari man a gwangwani. Ruwa ya fi fetur nauyi, in yana ciki za a gan shi kwance a ƙasa. In mai bai zubo ba sam, hanyarsa ce ta toshe.

Na uku, wuta. A kwance filogi a dube shi. In ya jiƙe da fetur, injin ya sha mai fiye da kima: a rufe famfon mai, a buɗe cok, a ja igiya sau da yawa, a busar da filogin kafin a mayar. In ya yi baƙi ƙirin, a goge shi. Domin gwada wuta, a sa filogin a hularsa, a jingina shi da ƙarfen injin nesa da raminsa, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi shi ake nema. Lalle a goge duk fetur da ya zube kafin a yi wannan. Filogi na ajiya a aljihu ya kan ceci yinin aiki guda.

Na huɗu, iska. Ƙurar hunturu ta kan cika soson da yake tace iska, sai injin ya shaƙe yana baƙin hayaƙi. A wanke soson da ruwa da sabulu, a shanya, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. Wasu su kan cire shi su yar. Wannan ganganci ne, gama ƙura ita ce take cinye zoben fistin.

In duk waɗannan lafiya suke, mu saurari igiyar. In ta zo salalau ba nauyi, ƙarfin matsi ya tafi, aikin bakanike ne. In ta ƙage, watakila yashi ko tsakuwa ta maƙale a farfelar famfo. Kada kuma a tada famfo ba a cika cikinsa da ruwa ba, roba mai tsare ruwan za ta ƙone.

WANE INJI YA FI?

Injunan nan iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa baƙin mai cikin fetur, kamar na injin feshi na goyo da ƙaramin janareto. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, amma yana shan mai, yana hayaƙi, filoginsa kuma yana saurin yin datti. A bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa. In an ce 50 da 1, baƙin mai mililita 20 ke nan a litar fetur guda. In an ce 25 da 1, mililita 40 ne. Zuba masa fetur zalla kashe shi ne.

Akwai kuma mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa yake da mazauni dabam. Yawancin injunan ban ruwa irinsa ne. Ya fi nauyi, amma ya fi tattalin mai, ya fi kuma jure dogon aiki. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Honda GX160 tana cin baƙin mai wajen rabin lita da ɗan ɗori. A juye shi bayan awa 20 na fari, daga nan kuma kowace awa 100. Tsohuwar Robin ta yi suna wajen juriya, sai dai kamfanin Subaru na Japan ya daina ƙera injunan nan a 2017, don haka mai sayen ta hannu ya fara tambayar kayan gyaranta. Na ƙasar Sin da aka kwaikwaya daga Honda sun fi araha, kayansu kuma ba wuyar samu, amma ingancinsu ba ɗaya ba ne. Shawararmu ita ce, ku sayi injin da bakaniken garinku ya sani, wanda kuma za ku sami filoginsa da kafiretarsa a Kura ba sai kun shiga Kano ba.

GARGAƊI GA IYALI

Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuwa kisa. Kada a tada inji cikin ɗaki, kada kuma mutum ya sauka rami ko rijiya inda inji yake aiki. A kashe shi ya huce kafin a ƙara fetur. Jarkar mai kuwa a nisanta ta da murhu da hannun yara.

In aikin rani ya ƙare, a rufe famfon mai a bar injin ya ci har ya mutu da kansa, a tsiyaye kafireta, a zubar da ruwan famfo, a rufe shi da buhu a wuri busasshe. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya yi haka, baɗi ba zai sha wahalar igiya ba.